An Riga Baba Zuwa Filin Wasa

Tun sanyi bai gama tafiya ba Wendell Prewitt ya fara shirin kai 'ya'yansa babban filin wasan nan na bakin tafki. Direban bas ne a garin Dayton, ya haura shekara arba'in, amma shi kansa bai taɓa taka ƙafa a irin wannan wuri ba. Yana yaro, duk ƙarshen hutun bazara sai 'yan ajinsu su dawo da labarin lilo da jirgin da ke hawa sama ya gangaro da mutane suna ihu, shi kuwa sai dai ya saurara. Saboda haka da Odessa ta cika shekara bakwai, ƙanenta Linus ya shiga ta biyar, ya ce bana ko me za a yi sai ya kai su, kuma a gaban idonsa za su fara ganin wurin.

Bai ɗauki abin da wasa ba. Lokacin hutun cin abinci sai ya zauna a bas ɗinsa yana kallon bidiyon filin a waya. Ya tambayi abokan aiki masu yara, ya san wace ƙofa ce ba ta cika cunkoso, da inda ake samun inuwa in rana ta take, da lilon da ba a barin yaro ya hau sai ya kai tsawo. Ya sayo rigunan ruwa ƙanana da man kare fata daga rana. Ya kama ɗaki a wani masauki mai wurin iyo. Don ya sami hutun ƙarshen mako a watan Yuli, sai da ya karɓi aikin wani abokinsa a ranakun bukukuwa, mutane na gasa nama a farfajiyar gidajensu shi yana zagaya gari da bas babu kowa a ciki.

Yaran suna hannun tsohuwar matarsa Corinne, wadda ta sake aure da wani Garrett, shi kuma suna zuwa wurinsa ƙarshen mako ɗaya, su tsallake ɗaya. Dole ya gaya mata ranar da ya tsayar. Ta ce ba damuwa, har ta ce abin ya yi kyau.

Saura kamar mako biyu a tafi, ran wata Asabar da safe, ya soya musu fanke, ya shimfiɗa taswirar filin a kan teburin cin abinci. Ya ɗora yatsa a kan wani kwalekwale da ke gangarowa cikin ruwa.

"Da wannan za mu fara. An ce da sassafe babu layi."

Linus ya leƙo, baki duk zuma. "A'a Baba, wannan jiƙa mutum yake yi. Garrett ma sai da ya cire takalmi ya matse safarsa."

Wendell ya ji ƙarar ƙafa a ƙarƙashin tebur. Linus ya ce wash, ya dubi yayarsa, sannan ya toshe bakinsa da hannu biyu.

"Garrett ya matse safa a ina?"

Odessa ta sunkuyar da kai tana juya cokali mai yatsu a cikin faranti.

"Odessa, dube ni. Kun je ne?"

Sai ta fashe da kuka, irin wanda aka daɗe ana dannewa. Da ƙyar ya tsinci maganar. Sun je Asabar ɗin da ta wuce, ita da Linus da Mama da Garrett. Mama ta ce kada su faɗa wa Baba don zai ji ba daɗi. Ta ce in sun je da shi su yi kamar ba su taɓa gani ba.

"Na ma gwada a madubi," in ji yarinyar cikin shessheƙa. "Na iya buɗe baki kamar ina mamaki. Linus ne ya ɓata komai."

Wendell ya miƙe. Ya kashe murhu, ya naɗe taswirar a hankali. Ya ce musu babu wanda ya yi laifi a cikinsu, su sa takalma za su je gidan Goggo Maxine. Maxine yayarsa ce, gidanta ba nisa. Ya sauke su a ƙofa, bai ko shiga ba, ya juya mota ya nufi unguwar su Corinne.

Ya tarar da Garrett yana yanke ciyawar ƙofar gida da inji. Mutumin ya kashe injin, ya ɗaga hannu yana murmushi. Wendell ya wuce shi kamar bai ga kowa ba, ya buga ƙofa da tafin hannu har sai da Corinne ta fito.

"Lafiya? Ina yaran?"

"Yaran da kika koya wa ƙarya? Suna nan lafiya."

Fuskarta ta sauya. Ta jawo ƙofar ta rufe a bayanta. "Wendell, rage murya."

"Ba zan rage ba. Na gaya miki rana, na gaya miki wuri. Kika ce ya yi kyau. Ashe kina can kina shirin riga ni."

"Babu wanda ya shirya riga ka. Wurin aikin Garrett ne suka yi ranar iyali, suka raba tikiti. Me kake so in yi? In ce wa yara su zauna a gida kowa ya tafi?"

"Ki ɗaga waya ki kira ni! Yatsunki sun karye ne?"

"In kira ka ka yi min wannan haukan da kake yi yanzu?" Ita ma muryarta ta fara hawa. "Bara ka yi musu alkawari. Bara waccan ka yi musu alkawari. Wa ya zauna yana rarrashi da ka fasa? Odessa har jakarta ta haɗa. Kai kana can, ni na share hawayen."

"Bara uwata ce kwance a asibiti, kin sani sarai, har dubiya kin je. Bara waccan injin motata ne ya buga. Kina magana kamar yawon shaye-shaye na tafi."

"Ban ce haka ba. Cewa na yi kullum da dalili."

Garrett ya matso yana goge hannu a wando. "Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka mana. Wurin yana nan, ba gudu zai yi ba. Sai su je sau biyu, ai ribarsu ce."

Wendell ya juyo ya dube shi daga sama har ƙasa. "Kai, kada ka ƙara ce min ɗan'uwa. Koma kan ciyawarka. Ran da ka haifi naka ka kai su duk inda ka ga dama."

"Wendell!" in ji Corinne.

"Bar batun tikiti. A ce na yafe wannan. Yarinya 'yar shekara bakwai kika sa ta tsaya gaban madubi tana koyon yadda za ta yaudari ubanta. Kin san haka? Mako guda tana ɗauke da abin nan a cikinta. Yau ko fankenta ba ta ci ba."

"Ban ce ta yi wani madubi ba," Corinne ta faɗa a hankali. "Don kai na yi. Don kada ranka ya ɓaci."

"To ga shi bai ɓaci ba. Dube ni, farin ciki nake yi."

Yana juyawa ƙafarsa ta ci karo da tukunyar fure da ke bakin matakala, sai ya ƙara mata da shuri. Ta tarwatse a kan siminti, ƙasa ta watsu. A tsallaken titi wata tsohuwa ta tsaya da karenta, waya a hannu, tana kallo. Nan take ya tuna cewa kira ɗaya ga 'yan sanda ya isa a kai maganar gaban alƙali, a rage masa kwanakin da yake samu da yaran. Ya haɗiye sauran abin da ke bakinsa, ya shiga mota yana ɗingishi, babban yatsansa na zogi.

A gidan Maxine ya iske yaran a filin da ke bayan gidan suna wasa da tiyo. Yayar tasa tana kicin tana yanka kabeji, ta riga ta ji labarin daga bakin Linus. Wendell ya ƙarasa mata yadda suka yi da Corinne.

"Na fasa, Yaya," in ji shi. "Zan kira masaukin in soke. Sun riga sun gani, me ya rage?"

Maxine ta ajiye wuƙa. "Maimaita in ji."

"Na ce na fasa."

"Lalle ba ka da hankali. Ita Corinne bar ni da ita, sai na wanke ta tas a waya, don abin da ta yi rashin mutunci ne. Amma kai in ka fasa, me kake tsammani yarinyar can za ta ce wa kanta? Za ta ce ta faɗi gaskiya, Baba ya hukunta su. Gobe ko gida ne ya kama da wuta ba za ta gaya maka ba. Kuma ka tabbatar wa uwarsu maganarta, ta ce kullum da dalili."

"Wata nawa ina shirin abin nan, Yaya. Ni na so in ga fuskarsu."

"Na sani, ƙanena. An cuce ka, ban ce ba a cuce ka ba. Je ka wanke fuska, ka fita ka rungumi 'yarka. Tun da ka sauke su take tambayata ko ka tafi faɗa da Mama saboda ita."

Ya fita. Ya durƙusa a jiƙaƙƙiyar ciyawa ya gaya wa Odessa cewa tafiya tana nan, kuma daga yau duk babban da ya ce ta ɓoye wa Baba ko Mama wani abu, ta zo ta faɗa, ko da shi ne ya ce. Ta gyaɗa kai, amma ba ta yi murmushi ba.

Suka tafi ranar da aka tsayar. Tsarin da ya yi wata da watanni bai kai ko'ina ba. Tun daga ƙofar shiga Linus ya ja hannunsa ya nuna masa inda banɗaki yake, da inda ake sayar da alewar auduga. Wasan 'yan tsana da ya ɓoye don ya ba su mamaki, sun gan shi, har Linus yana faɗin abin da kurar cikin wasan za ta yi kafin ta yi. Kowane lungu suka shiga sai ya ji "a nan Garrett ya saya mana gugguru", "a nan hular Garrett ta faɗi". Duk lokacin da ya ji sunan sai ya cije haƙora ya ce, "Haka ne? Madalla."

Da la'asar Odessa ta nuna ƙaton lilon nan mai kama da tayar keke, mai juyawa da mutane a cikin kwanduna har sama. Ta ce wancan karon ba su hau ba, Mama tsoron tsawo take ji. Wendell ya ji wani daɗi mai haɗe da mugunta, ya ce maza su shiga layi. Sai da kwandon ya rabu da ƙasa ya fara lilo a iska sannan ya gane shi ma irin ciwon Corinne gare shi. Ya damƙe rigar Linus da hannu ɗaya, ƙarfe da ɗaya, ya runtse ido.

"Baba, ga tafkin! Ga jiragen ruwa!"

"Na gani. Zauna sosai."

"Ba ka gani ba, idonka a rufe yake!"

Suka yi ta ƙyalƙyala dariya har aka sauko, shi kuwa gumi ya jiƙa masa riga. Da suka koma masauki yaran suka faɗa ruwan iyo, suka ƙi fitowa sai da yatsunsu suka yamutse.

Ran Lahadi da yamma ya mayar da su gida. Corinne ta fito ta tarbe su, ta jira suka shige da kayansu, sannan ta matso gefen motar.

"Maganar ɓoyewar nan, ban kyauta ba. Na yi wa Odessa bayani."

"Ita kika ba haƙuri ko ni?"

"Ku duka. Amma tafiyar kam ba zan ce na yi nadama ba, sun ji daɗi."

"To riƙe haƙurinki. Abu ɗaya zan gaya miki. In aka sake sa ɗaya daga cikinsu ya yi min ƙarya, ba ƙofarki zan zo ba, wurin mai sasanta mu na kotu zan je. Kuma daga yanzu duk abin da na shirya musu, sai mun kama hanya za ki ji."

"Wannan kuma ba adalci ba ne, Wendell."

"Ke kika fara."

Ya tayar da mota. Linus ya leƙo ta tagar bene yana ɗaga masa hannu, ya ɗaga masa shi ma. Har bazarar ta ƙare shi da Corinne ba su sake magana baki da baki ba, sai dai saƙon waya kan lokacin ɗauko yara da mayar da su. Garrett kuwa, in ya hango motar Wendell ta shigo layin, sai ya sami abin yi a can filin bayan gidan.