Ruwan Zipora

Mahaifinmu, Garba Fasa-Ƙoƙo, abu ɗaya ya yi a rayuwarsa, kuma har yau muna cin albarkacinsa. Da yana saurayi akwai wata randa a bakin rumfar masu kifi a Yelwa. Kan murfinta akwai moɗar ƙarfe ta 'yan gari, can gefe kuma an rataye wani tsohon ƙoƙo don mutanen tudu masu kawo dawa kasuwa. Wata rana ya ga wata 'yar Kambari ta miƙa hannu za ta ɗauki ƙoƙon. Zuciya ta ɗebe shi, ya fizge shi ya tattake. Ya sha duka, ya kwana a kulle, ya fito da suna.

Da Baba ya rasu, yayana Rabi'u ya gaji hularsa da sunan, bai gaji zuciyar ba. Kowace shekara sai ya kafa rumfa a ƙofar gidanmu, ya ɗauko lasifika, ya sayo sabon ƙoƙo ya taka shi a gaban masu ɗaukar hoto da waya. Masu sayar da ƙorai kam suna sa masa albarka. Ni aikina a ranar shi ne suyar kifi da haɗiye takaici.

Bana Rabi'u yana neman kansila, yana kuma kwaɗayin ƙuri'un mutanen tudu. Sai ya yi cigiya har ya gano yarinyar nan ta labari. Sunanta Zipora, ta tsufa, tana noma a wani ƙauye ta wajen Ngaski. Ya tura babur aka ɗauko ta, aka zaunar da ita a kujerar gaba kamar amarya.

Ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce jinin 'yanci ne ke gudu a jikinsa, ya ce a gidan Fasa-Ƙoƙo babu ɗan gari babu ɗan tudu. Ya taka ƙoƙon bana, aka yi tafi. Daga nan ya miƙa wa tsohuwa abin magana don ta yi godiya.

Zipora ta riƙe shi nesa da baki, ta dubi jama'a.

"Garba ya hwashe ƙoƙo, wanga gaskiya na," in ji ta. "Allah shi saka mishi. Amma da anka kama shi, ba wanda yab ba ni moɗa. Da ƙishirwata nik koma gida."

Ta ƙara da cewa bayan abin, mutanensu sun daɗe ba su da ƙoƙo ba su da moɗa, sai dai su gangara bakin ruwa su sha da tafin hannu. Ba ta zo don kujera ba, ta ce, ruwanta ta zo sha.

Na ji kunya har cikin ƙashina, na kuma ji tausayin Baba, don na san bai taɓa sanin haka ba. Rabi'u ya yi maza ya sa aka kawo ruwan leda mai sanyi. Ta ce a'a, na randa take so, a moɗar da mutanen gida ke sha.

Inna ce ta tashi da kanta, ta shiga gida ta ɗebo. Zipora ta karɓa ta sha rabi, ta goge baki, ta miƙa wa Rabi'u sauran. Duk wayoyin da ke wurin suka juyo kansa.

Ya dubi moɗar, ya dubi bakin tsohuwar, ya gyara hular Baba. Sai ya dafa ƙirji ya ce a yi masa afuwa, azumin nafila yake yi.

Ranar Asabar ce, kuma ni na soya kifin da ya karya da shi da safe, har ƙaya ta maƙale masa. Na buɗe baki zan tona, Inna ta taka mini ƙafa.

Zipora ba ta yi fushi ba. Ta ce ita ma ta san darajar azumi. Ta sauka daga kujerar, ta zauna a tabarma kusa da Inna, ta roƙi faifai ta rufe moɗar don ƙuda.

"Ba komi, ɗana," in ji ta. "Ni na iya jira. Ina nan har a sha ruwa."

Ba wanda ya tafi. Masu kifi suka rufe rumfuna suka zo, 'yan acaba suka jera babura. Rabi'u ya yi ta duba waya yana cewa ana nemansa a Birnin Yauri, ya lalube aljihu, ya ɗaga tabarmi, bai ga makullin babur ɗinsa ba. Ni na san inda yake, don na ga lokacin da Inna ta ɗaure shi a bakin zaninta.

Da ladan ya taɓa lasifika yana gyara murya don kiran magariba, Zipora ta ɗage faifan.