Ƙwan da Bahago Ya Ɗaura

Tana tsugune a bakin famfo tana ɗauraye kaya Dogo ya yi sallama. Ƙanin mijinta ne, shi da mijin tare suke aikin ja wa mutane wayar wuta a gidaje. Jakar kayan aikin mijin na rataye a kafaɗarsa, filaya ta leƙo ta bakin zif. Jakar ta fara gani kafin fuskarsa. Mijinta Bahago bai taɓa yarda wani ya riƙe masa jakar nan ba.

"Tsani ne ya zame da Yaya," in ji Dogo. "Kafin mu kai asibiti..."

Bai ƙarasa ba. Ta miƙe, ta matse rigar da ke hannunta, ta shanya ta a igiya, daga nan ta zauna a ƙasa.

Da masu gaisuwa suka watse, zama ya gagare ta. Ta share ɗaki ta sake sharewa. Ta fito da tukwanen da ba a dafa komai a ciki ba ta wanke. Ta fita ƙofar gida ta dawo, ba ta san me ta je nema ba. In ta samu ta zauna a bakin gado, sai idonta ya tafi sama, kan ƙwan wutar da ke reto a tsakiyar silin.

Ƙwan nan ba shi da holda, wato mazaunin da ake ɗaura ƙwai a ciki. Mutumin da ya sa wa rabin unguwa holda, nasa ɗakin sai dabara. Ya feƙe waya ɗaya ya naɗe ta a wuyan ƙwan, ɗayar ya danna ta a ɗan ƙarfen da ke gindinsa, ya bi duka da baƙin salatef ya ɗaure tam. "Na kwana biyu ne," ya ce ranar. Duk sanda ƙwai ya mutu sai ya warware ya ɗaura sabo, ya sake cewa na kwana biyu ne. Yarinyar da take goye da ita a ranar farko, ita ce yanzu ta dawo taya ta zama, da nata jaririn.

Sai ƙwan ya fara ƙyaftawa. Bayan nan ƙauri ya biyo.

"Umma, ba kya jin warin roba?" in ji 'yar.

"Maƙwabta ne ke ƙona shara."

Ta san ba shara ba ce. Sai ta kashe, ta zagaya tsakar gida, ta dawo ta kunna, ta tsaya a ƙarƙashinsa tana shinshina iska.

Dogo ya zo da sabuwar holda a leda.

"Matar Yaya, yau dai ƙwan nan zai tare a gidan kansa. Ya gaji da rataya kamar jemage."

"Kai da hannunka ke rawa ko shayi ka ɗauka?"

"Na ji. Ki ba ni kujera kawai, kafin ruwanki ya tafasa na gama."

"Dogo, bar min shi yadda ya bar shi."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya ajiye ledar a kan taga ya tafi. Ta saka ta cikin durowa. Washegari ta fito da ita ta mayar kan taga. Da rana ta tura ta ƙarƙashin gado.

Wata yamma hadari ya haɗu, ɗaki ya yi duhu, ta kunna. Ba a jima ba wani baƙin ɗigo ya sauko daga sama ya sauka a kan zanen da aka shimfiɗe jaririn, dab da kunnensa. Salatef ne ya narke. 'Yar ta sure ɗanta ta fita, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Umma, ni ma ubana ne. Amma ba zan ƙara kwantar da yaron nan a ƙarƙashin abin nan ba. Gobe za mu koma."

Umma ta durƙusa ta laluba ƙarƙashin gado, ta jawo ledar, ta karkaɗe mata ƙura.

"Kira min baffanki."

Dogo ya kashe wuta daga mita, ya hau kujera, ya kai hannu zai ɓare salatef ɗin.

"Kar ka warware. Yanke daga sama."

Ya dube ta, ya sa filaya ya datse wayoyin, ya miƙo mata ƙwan da ɗaurinsa. Da sauran ɗuminsa. Ta fita da shi waje inda akwai haske, tana juya shi a tafin hannu. Gefe ɗaya ya narke ya dunƙule. A ɗaya gefen, inda salatef ɗin ya ƙare, ta ga sawun haƙora. Da baki yake yanke shi, ga almakashi a jaka amma bai taɓa ɗauka ba. Har wurin giɓinsa ya fito, ɗan tsiri da haƙori bai kama ba.

A ciki Dogo ya ɗaura holdar da sabon ƙwai, ya maido da wuta, ya danna makunni, haske ya tsaya cak ba ƙyaftawa. 'Yar ta shige da jaririn ta gyara masa shimfiɗa.

Tsohon ƙwan yana cikin wani kofi a saman kabad. Zafin ɗaki yakan sa bakin salatef ɗin ya ɗago. Kullum da safe, in ta gama shara, sai ta sauko da kofin, ta sa babban yatsa ta danne shi a hankali, ta mayar.