Fir'aunan Aji Shida

Motar gyaɗa ba ta gama tsayawa a tashar Tambuwal ba Atu ta sako ƙafa ɗaya waje, sai da wani mai sayar da fata da ke kusa da ita ya cafko gefen zanenta.

"Haba Inna, bari ta tsaya mana!"

"Ita ta sani," in ji Atu. "Ni dai na iso."

Tun asuba ta baro Kebbe a kan buhuna, sau biyu motar tana kafewa a taɓo. Duk wannan wahala a kan wata 'yar takarda ce da ta ƙulle a bakin zane. Sau uku ta sa malamin hakimi ya karanta mata, ko Allah zai sa maganar ta canja, ba ta canja ba. Jikanta Armaya'u ne ya rubuto: "Kakata, ina gaisuwa. Ina sanar da ke an zaɓe ni in zama Fir'auna ranar Asabar, ranar samun 'yancin kai. Duk ajinmu ni aka ga na fi dacewa."

Armaya'u ɗan ɗanta ne, Ɗanmaliki, magini da ke aiki a wani ƙaramin asibitin Mishan a bayan gari. Da yaron ya gama aji huɗu a Kebbe bai sami gurbi a babbar firamare ta Sakkwato ba, sai uban ya sa shi a makarantar Mishan da ke jikin asibitin, inda 'ya'yan akawuna da na ma'aikatan hanya suke karatu. Atu ba ta taɓa yarda ba. 'Yar malami ce, ta yi karatun allo har ta kusa sauka kafin a yi mata aure. Shekara biyu tana jiran ranar da za ta ce ai ta faɗa, ga ranar ta zo.

Ta tarar da Ɗanmaliki a kan tsani yana yaɓe.

"Sauko."

Ya sauko ya durƙusa, hannu duk laka. "Inna! Lafiya? Wa ya mutu?"

"Imani ya mutu. Ina ɗanka?"

Da ta nuna masa takardar sai ya fara dariya, ya dubi fuskarta ya haɗiye. "Inna, wasa ne suka shiryawa..."

"Da sunan Fir'auna aka wasa? Koma bisa tsaninka. Yau da shi nika komawa."

Makarantar ɗakuna uku ce na ƙasa da rufin kwano, da wani tsohon ƙarfen tayar mota rataye a jikin tsamiya a madadin ƙararrawa. Atu ta yi sallama a ƙofar aji shida, ba ta jira amsa ba ta shiga. Yara goma sha tara suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Daga layi na biyu Armaya'u ya washe baki.

"La! Matata ta biyo ni!"

"Rufa mani baki," in ji Atu. "Ni ban auri Fir'auna ba."

Ajin ya ɓarke da dariya. Malamin, wani dogo siriri mutumin ƙasar Zuru mai suna Malam Filibus, ya ajiye alli ya russuna ya gaishe ta har ƙasa. Wannan ya ɗan rage mata ƙarfin faɗan da ta ɗauko, don ta zaci Bature za ta tarar. Ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba.

"Inna, ga abin da na roƙa," ya ce. "Ki zauna da mu har a tashi. Ki ga abin da muke koya masu da idonki. In kin ga abin da bai yi maki ba, ni da kaina zan ɗauki akwatinsa in kai tasha."

Atu ta auna shi sama da ƙasa, ta wuce bencin baya ta zauna, gwiwoyinta sun kusa taɓa haɓarta.

Lissafi aka fara. Malam Filibus ya karanto daga littafi: manomi ya ɗaure dami tamanin na gero, ya raba wa 'ya'yansa huɗu daidai da daidai, nawa kowa zai samu? Hannuwa suka tashi sama, kowa na cewa ashirin.

"Ya fidda zakka?" in ji murya daga baya.

Malamin ya duba littafin. "Ba a faɗa ba, Inna."

"To a faɗa. Wane irin manomi ne wanga?"

Malam Filibus ya yi murmushi, ya juya ga allo. "Kun ji. A cire ɗaya bisa goma tukuna." Aka yi ta goge-goge. Armaya'u ne ya fara ɗaga hannu, ya ce takwas na zakka, saura saba'in da biyu, kowa sha takwas. Atu ta ƙirga a gaɓoɓin yatsunta a ƙarƙashin mayafi, ta ga haka ne. Sannan ta ce, "Ɗiyan nan fuɗu, duk maza ne?"

"Duk maza ne, Inna," in ji malamin da sauri, ya share gumi.

Turanci ya biyo baya. Yaran suka yi ta maimaita wasu kalmomi da murya ɗaya, a kunnen Atu kamar garken zabbi ya ga shaho. Ta kasa kunne ko za ta ji sunan wani abin bauta, ba ta gane komai ba. Da ta tambaya, sai wata yarinya ta ce cewa suke yi kare ya bi akuya, akuya ta bi kare, kare zai bi akuya gobe.

"Ƙetare teku anka yi don a kawo muku wanga labari?" in ji Atu.

Sai darasin kiwon lafiya. Malamin ya zana kurkunu a allo, ya ce a ruwan tafki ake shan ƙwansa, a cikin wasu ƙananan halittu da ido bai cika gani ba, kuma tace ruwa da ƙyalle mai tsabta yana hana shi. Atu ta sunkuya ta shafa tsohon tabon da ke idon sawunta. Damina biyu cur ta yi a kwance saboda shi, an ce mata sammu ne, har ta daina gaida wata maƙwabciya da yanzu ta rasu.

Aka buga ƙarfen. Malam Filibus ya ɗauko wani baƙin littafi ya ce lokacin addu'a ya yi. Atu ta gyara zama, ta ce a ranta an zo wurin. Sai ta ga Armaya'u da wasu yara uku sun miƙe sun fita. Malamin ya ce mata sharaɗin da dattawan gari suka kafa ke nan tun ranar da aka buɗe makarantar: 'ya'yan Musulmi ba sa zama wannan darasi.

Ta bi su gindin tsamiya. Daga cikin ajin waƙa na tashi da Hausa, mai sanyi, ta ƙi bari ta shiga kunnenta. Ta damƙi hannun jikanta.

"Karanto mani Tabaraka."

Ya tanƙwashe ƙafa ya fara. Ashe kullum da yamma uban yana tura shi makarantar allo a cikin gari. Ya yi ta zubowa, Atu na bi da leɓe tana farautar kuskure. Sai can kusa da ƙarshe ya ja wani wasali da bai kamata a ja ba. Ta murɗe masa kunne da iyakar jin daɗinta.

"Ka gani? Sun fara lalata ka."

"Kunnena dai ke kika lalata shi," in ji Armaya'u.

Bayan hutu aka tura bencina gefe don gwajin wasan ranar Asabar. Labarin Annabi Yusufu ne da mafarkin sarkin Masar. Malam Filibus ya ce shi ya zaɓe shi don kowane gida a garin ya san shi, kuma babu yaron da zai fito a matsayin Annabi. Shi zai tsaya bayan allo ya karanto maganarsa. Aka ɗora Armaya'u a kan kujerar malam da hular takarda, ya lumshe ido yana munsharin ƙarya.

Shanu bakwai masu ƙiba suka shigo da rarrafe. Matsalar ita ce duk ajin yara biyu ne kawai masu jiki, sauran biyar ciyawa aka cusa musu a riga, tana zubowa a hanya. Ramammu bakwai kuwa ba a sha wahalar samunsu ba. Kowane ramamme ya zo da buhu zai kifa wa mai ƙiba, wato ya haɗiye shi. Shida suka haɗiyu lafiya. Na bakwai, ɗan akawun kanti, ya ce shi wallahi wannan ɗan tsurut ɗin bai isa ya haɗiye shi ba. Kokawa ta kaure, saniya a kan saniya, sarkin Masar ya farka daga barci yana ba da shawarar a kama ƙafa.

Atu ta cusa fuska a mayafi. Kafaɗunta suka tona mata asiri.

Da aka raba shanu aka ci gaba. Daga bayan allo malamin ya karanto fassarar mafarkin, shekara bakwai na ƙoshi, bakwai na yunwa, a tara hatsi. Yara biyu suka kawo yashi a ƙwarya, wai tsaba ce, suka juye a kwando.

"Tsaya," in ji Atu. Ta miƙe, gwiwoyinta suka yi ƙara. "Gyara biyu gare ni. Na farko, wanga sarki ba shi ne Fir'aunan da ruwa ya ci ba. Littafinmu Sarki kawai ya kira shi."

Malam Filibus ya leƙo. "Namu littafin duk sarakunan Masar Fir'auna yake ce masu, Inna. Sunan sarauta ne."

"To jikana bai son wagga sarauta. A ce mashi Sarki."

"An gama," in ji malamin. Armaya'u ya buɗe baki zai yi gardama, ta harare shi ya rufe.

"Na biyu." Ta nuna kwandon. "Mi ne ne wanga? Kun sussuke hatsi kun zuba, kuna son shi kai shekara bakwai? Ko bakwai ɗin wata ba shi kaiwa, ƙwari sun gama da shi. Cikin zangarniyarsa aka barin shi."

Ba ta san lokacin da ta isa gaban allo ba. Ta kwatanta musu yadda ake ɗora rumbu a kan duwatsu don gara da danshi, yadda ake shimfiɗa toka, yadda ake jera dami kai na kallon ciki, da yadda ake liƙe baki da laka a bar shi sai ranar tsanani. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce ina ta koyi wannan duka.

Atu ta dube ta. "Ina kamar ku anka yi wata yunwa," ta ce. "Mu tara ne ɗakin innarmu. Munka ci ganye, munka tone gidan tururuwa don tsabar da ta ɓoye. Da ruwa ya sauko mu shida munka rage. Tun daga nan babana ya ware rumbu guda da ba a taɓawa, kowace shekara sai dai a sauya hatsin ciki. Ni ma haka nika yi har yau."

Malam Filibus ya ɗauki alli ya rubuta abin da ta faɗa ɗaya bayan ɗaya, ya ce kowa ya kwafa, zai fito a jarrabawa. Atu ta koma bencinta tana gyara mayafi, tana jin kunyar yawan maganar da ta yi.

Darasin ƙarshe labarin ƙasa ne. Malamin ya buɗe kabad ya fito da wani ƙwallo mai launi-launi a kan sanda, ya ce ga duniya. Ya juya shi da yatsa, ya nuna teku, ya nuna Masar, ya nuna Makka, ya nuna Nijeriya da za ta karɓi mulkin kanta jibi, ba ta fi faɗin yatsu biyu ba. A taga Ɗanmaliki ya tsaya, ya wanke hannu, yana leƙen fuskar uwarsa.

Atu ta dubi yadda yaran suke yi in suna son magana. A hankali ta ɗaga hannu.

"Na'am, Inna?"

"Nuna mani Kebbe."

Malam Filibus ya sunkuya a kan ƙwallon. Ya matso da shi kusa da taga. Ya sami Ikko, ya sami Kano, ya sami wani ɗan ɗigo da ya ce Sakkwato ce. Ya ɗago.

"Ba su sa ta ba, Inna."

"Tambuwal fa?"

"Ita ma."

Atu ta taso ta duba da kanta, ta shafa wurin da yatsa ko ƙura ce ta rufe. Ta girgiza kai, ta juya ga jikanta, wanda har yanzu hular takarda na kansa.

"Kai Sarki. Ka zamna nan har ka iya Turancin da ya wuce na kare da akuya. Ka binciko wanda ya ƙera wanga ƙwallo, ka rubuta mashi takarda, ka ce mutanen Kebbe suna gaisuwa, kuma suna nan."