Sawun Jar Mota

Ranar da Madu ya shigo garinmu da jar motar, sai da ya tsaya a bakin kasuwa aka jera masa itatuwa a kan wani rami da ruwa ya ci, sannan ta haye. Gajera ce ƙwarai, cikinta kamar zai shafi ƙasa, ƙofa biyu, kujera biyu, ga dogon hanci. In ya taka ta, ƙararta takan sa awaki su tsinke igiya. A Kano ya saye ta, wurin wani Bature injiniya da ya gama aikinsa zai koma ƙasarsu. A lokacin kuɗin mai sun fara zagaya ƙasa, shi kuma Madu ya samu kwangilar kai gero da wake makarantun kwana, tun daga Kazaure har Roni.

Kafin wannan, motarsa wata tsohuwa ce mai ƙofa huɗu, mai shan gas. Halliru bakanike, abokinsa tun suna yara, shi ya mai da ita yadda take. Ya ɗaga ta sama, ya sa mata sifirin na babbar mota, ya liƙa mata tanki na biyu a baya, ya ɗora mata kariyar ɗaukar kaya a kai. Mutanen gari suna ce mata Takarkari. Ta ɗauki buhu, ta ɗauki rago, ta ɗauki majinyaci, ta sha yashin hanyar Nijar ba ta taɓa kafewa ba. Da jar motar ta zo, Madu ya sayar wa Halliru da Takarkari.

Halliru ya zagaya sabuwar, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta.

"Mutumina, wannan tabarma ce aka sa wa taya?"

"Kai da ba ka san komai ba sai baƙin hayaƙi," in ji Madu. "Daga kwaltar Kazaure zuwa Kano, kafin ka gama cin goro guda na isa."

"Daga nan zuwa kwaltar fa? A ka za ka ɗauke ta?"

Aka yi dariya, har da Madu.

Aka shiga gida aka gaya wa Ya Kura, mahaifiyar Madu, ta fito ta sa albarka. Tsohuwa ce doguwa, mutanen gabas ne asalinsu, ba ta da yawan magana. Madu ɗanta ne na fari, saboda haka ba ta faɗar sunansa, sai dai ta ce "wancan". Ta dafa motar, ta yi addu'a, ta leƙa ciki ta daɗe tana kallo. Da ta koma cikin gida sai ta kira Mairam, matar Madu, ɗakinta.

"'Yar nan, kujera nawa kika gani?"

"Biyu, Ya Kura."

"Tasa da taki."

Mairam ta sunkuyar da kai.

"Mutumin da zai zauna a garin yashi ba ya sayen abin da ba ya tafiya sai a kwalta. Wancan tashi zai yi. Ya gaya miki?"

"Wallahi bai gaya mini komai ba."

Gaskiya ta faɗa. Amma ta lura Ya Kura ba ta yarda ba, kuma tun daga ranar tsohuwar ta riƙa bin ta da ido duk sanda ta shanya tufafi ko ta wanke akwati. Ita ma Mairam sai zancen ya shige ta. Ta fara lura da abubuwan da a da ba ta kula da su ba: Madu ya daina maganar gyaran rumbu, ya bar katangar baya da damina ta zubar ba a ɗora ba. In ta tambaye shi sai ya ce ayyuka ne suka yi yawa.

Ba a daɗe ba Madu ya fara ganin wani abu a ƙofar gida. Ya yi wa motar rumfar kwano a gefen zaure, kuma duk yammacin da ya dawo, tayoyinta sukan bar sawu a yashi, mai faɗi, mai zane kamar saƙa. Da safe sai ya tarar an kwashe ƙasa daga tsakiyar sawun, daidai cikin tafin hannu, har da alamar yatsu.

Ya kira Mairam zaure ya nuna mata daga bakin ƙofa.

"Kin ga wannan?"

"Ko kaji ne, Malam?"

"Kaji masu yatsu biyar?"

A wajenmu kowa ya san abin da ake nufi in an ɗebi ƙasar sawun mutum a ɓoye. Ana kai ta wurin masu aikin asiri ne, don a karya shi ko a sa masa ciwon ƙafa. Madu bai taɓa jin an yi wa mota ba, amma ya ce wanda ke son ya ga taya ta fashe da shi yana cikin gudu, ai sawun tayar zai nema.

Daga nan ya canza. Ya daina tsayawa a majalisar bakin kasuwa. In yara sun matso kusa da motar sai ya daka musu tsawa. Ya samo laya ya ɗaura a jikin sitiyari. Yakan zauna yana lissafa mutane da baki: wane ya kalle ta bai ce Allah ya sa alheri ba, wane ya nemi ya rage masa hanya ya ce babu wuri. A ƙarshe kullum sunan mutum ɗaya yake dawowa.

"Halliru ne yake bi ta nan zuwa masallaci da asuba," ya ce wa Mairam. "Kuma tun da na kawo ta bai faɗi kalma mai daɗi a kanta ba."

"Ai wasa kuke yi, tun kuna yara haka kuke."

"Da can ni nake kai masa aiki. Wannan kuwa ko murfin injinta ban bar shi ya buɗe ba. Kina ganin zai ji daɗi?"

Ranar kasuwa Halliru ya tsaya da Takarkari a ƙofar gida, ya cika ta da buhunan gyaɗa, ya leƙo ta taga.

"Mai tabarma, in ja ka zuwa Babura ne?"

Madu ya fito bai yi murmushi ba. A gaban mutane ya ce, "Halliru, daga yau ka canza hanyar masallaci. Abin da kake ɗiba a ƙofata ya isa haka."

Halliru ya dube shi, ya dubi mutanen da ke tsaye.

"Me nake ɗiba?"

"Ka fi ni sani."

Halliru ya mayar da kansa cikin mota. Ya sa giya ya tafi, kuma kafin la'asar babu gidan da zancen bai shiga ba. Da yamma Madu ya shaida wa Mairam cewa ba zai zauna inda ake neman ransa ba. Ya ce akwai wani gida a Kano da aka yi masa maganarsa, mai gareji da ƙofar ƙarfe, ta fara haɗa kayanta a hankali, kada ta gaya wa kowa.

Washegari Mairam ta shiga share ɗakin Ya Kura, kamar yadda ta saba. Tsintsiya ta taɓa wani abu a ƙarƙashin gado. Ta jawo, sai ga ƙaramar ƙwarya an rufe da faifai, cike da yashi. A saman yashin akwai wani ɗan ɓangare da bai murƙushe ba, da zanen taya a jikinsa.

Tana riƙe da ƙwaryar Ya Kura ta shigo.

"Mayar da ita inda kika gan ta."

Mairam ta durƙusa. 

"A gidanmu," in ji tsohuwar, "in mutum zai yi tafiya, uwarsa takan ɗebi ƙasar inda ya taka ta ajiye a ɗaki. Muddin ƙasar tana gida, ƙafarsa tana gida. Haka uwata ta yi wa 'yan'uwana. Wancan yanzu ba ya taka ƙasa, daga zaure sai cikin mota. Sawun da ya rage masa ke nan."

"Ya Kura, ki gafarce ni. Shi yana zaton asiri ake yi masa. Jiya ya ɗora wa Halliru laifin a gaban jama'a."

"Na ji."

"Kuma ya ce saboda haka za mu koma Kano."

Wannan kam Ya Kura ba ta ji ba. Ta zauna a bakin gado, ta daɗe tana duban ƙwaryar. Mairam ta so ta ce mata ta kira Madu ta gaya masa, amma ba a gaya wa suruka abin da za ta yi, kuma ta san Ya Kura ba za ta aika a kira ɗanta don ta ba shi haƙuri ba. Tsohuwar ta ce kawai, "Je ki gama shararki."

Madu ya riga ya ƙudura zai kama mai ɗibar da hannunsa, don kada a ce ya yi wa Halliru ƙazafi. Washegari da gari ya fara wayewa, bayan an fito daga masallaci, ya laɓe a zaure da sanda. Mairam tana tsakar gida tana hura wuta, ta ga Ya Kura ta fito daga ɗakinta da ƙwarya a hannu. A da ta ƙofar baya take bi. Yau ta nufi zaure, ta wuce ta gaban ɗanta kamar ba ta gan shi ba, ta fita ta tsuguna a kan sawun, ta cika hannunta.

Mairam ta matso bayan ƙofa. Ta ji sandar ta faɗi ƙasa.

"Ya," in ji Madu. "Ke ce?"

"Ni ce. Ba yau na fara ba."

"Don me?"

"Don ka zauna." Ta zuba ƙasar a ƙwarya ta miƙe. "Tambaya ɗaya zan yi maka, kuma ka dube ni. Gidan nan na Kano, kafin ka ga an ɗebi ƙasa ka neme shi, ko bayan ka gani?"

Madu ya tsuguna, kamar yadda yake yi in zai gaishe ta. 

"Kafin," ya ce. "Rana ɗaya na gan su, shi da motar. Can ake ba da kwangila, Ya. Duk wanda nake nema yana can. Na rasa yadda zan gaya miki."

"Sai ka samu wanda za ka ɗora wa."

"Wallahi na zaci shi ne."

"Ka so ya zama shi ne. Da ba ka so ba, da ka fara tambaya a cikin gidanka." Ta gyara mayafinta. "Ba zan hana ka ba, na ga ƙasar ba ta riƙe mai taya. Amma ba za ka bar garin nan a ce abokinka ne ya kore ka da asiri ba. A gaban mutane ka faɗa, a gaban mutane za ka janye. Ka ce musu tsohuwarka ce, ba na jin kunya."

Madu ya je wurin Halliru da hantsi, a ƙafa. Waɗanda suke wurin sun ce Halliru yana kwance a ƙarƙashin wata mota, ya saurare shi har ya gama bai fito ba, sannan ya ce Allah ya yafe mana gaba ɗaya, ya nemi a miƙo masa sifana. Bai tsokane shi ba, bai kuma kira shi mutumina ba.

Sun tashi wata Alhamis da safe. Kayan ɗaki sun riga sun tafi a babbar mota, domin jar motar ba ta ɗaukar abin da ya wuce jaka guda. Madu ya roƙi Ya Kura ta biyo su in sun zauna, ta ce ita ba ta iya kwana inda ba ta jin kukan shanu. A ɗakinta suka yi sallama, ta sa musu albarka, ba ta rako su zaure ba.

Har suka wuce Babura a hankali yake tafiya, yana kauce wa ramuka, cikin motar yana gurzar ƙasa. Mairam ba ta taɓa zama kusa da ƙasa haka a cikin mota ba. Da suka hau kwalta ya taka, bishiyoyi suka fara wucewa kamar ana fizge su, ta riƙe ƙofa da hannu biyu.

"Malam, yaushe za mu zo gida?"

"Da sallah."

"Ƙarama ko babba?"

Ya ce bai ji ba, injin ya cika ƙara. Ta sake tambaya da ƙarfi. Ya ce za a gani, ya canza giya.