Ɗakin Barci a Bayan Shagon Aski

Shekara goma sha tara ina aski a bakin tasha. Kujera biyu, benci ɗaya na masu jira, da madubi mai tsagewa a kusurwa. Babu direban da ke lodi a tashar nan da ban san ƙeyarsa ba. Shagon nan shi ne abincina, shi ne kuma mutuncina. A danginmu idan ka ji an ce "a tambayi Yaya", to albarkacin shagon ne, ba wai na fi kowa hankali ba.

Mijin ƙanwata kuwa gadi ya yi shekara ashirin da biyu a wani kamfani, har kamfanin ya rufe. Maigadi muke ce masa, har matarsa. Mutum ne shiru-shiru, idan ka gaishe shi sai ka gama share gashin da ya zuba a ƙasa kafin ya amsa. Wata uku yana zaune a gida, ni ke tura musu ɗan abin cefane, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗin a ce ni ke turawa.

Ran nan da hantsi ya shigo, ya tsaya a bakin ƙofa yana murza hularsa.

"Yaya, ɗakin nan na baya, na ga tarkace ne kawai a ciki. Ko za ka ara mini?"

"Me za ka sayar?"

"Barci."

Wallahi sai da na kashe injin aski, don kada in kwashe wa mutum rabin gira saboda dariya. Na ce, "Maigadi, kowa da idonsa ya zo duniya. Wa zai biya ka kuɗi don ya rufe shi?"

Bai yi fushi ba. Ya ce direba yakan iso da safe, ya jira layi awa uku ko huɗu. Ya kwanta a ƙarƙashin mota, ido ɗaya a rufe, ɗaya na kan waya da takalmi, zuciya kuma na tsoron kada layi ya wuce shi. Shi zai shimfiɗa katifa, ya riƙe wa mutum kayansa, ya tashe shi a daidai lokacin da ya ce. Shi ke nan sana'ar.

Na ba shi ɗakin. Na ba shi ne don a ce Yaya ya taimaka, na kuma yanke masa sati biyu a raina.

Ya share, ya wanke, ya kawo katifu shida na hannu da fanka ɗaya mai ƙara. Ya kafa kanta mai akwatuna shida, kowane da lambarsa. Ya rataye allo a bango, idan ka shigo ya rubuta lambar katifarka da lokacin tashinka da alli. Sannan ya zauna a kan 'yar kujera a bakin labule, ya harɗe hannu, aikin da ya saba. Idan lokacinka ya yi ba ya kiran suna, ba ya jijjiga ka. Babban yatsan ƙafarka zai taɓa sau biyu, ya miƙa maka wayarka da ruwa a kofi.

Sati biyun da na yanke masa bai cika ba katifu shida suka yi kaɗan. Kuma ba direbobi kaɗai ba! Ga masu gasa burodi da suka tashi aiki, ga ma'aikacin jinya, ga wani mai sayar da taya da matarsa ta haifi tagwaye, wanda ya rantse wata biyu rabonsa da barcin kirki. Duk ta cikin shagona suke bi. "Sannu mai aski," su wuce, ko kallon kujerata ba sa yi. Ni ina tsaye tun safe, ƙafa ta kumbura, gashin mutane har cikin hancina, shi kuwa yana zaune ana biyan sa don ya yi shiru.

Abin ya fara ci na. Ya ci ni sosai.

Ƙanwata ta daina zuwa karɓar cefane. Wata rana ma ita ta aiko mana da kwanon abinci, nama har sama. Matata ta buɗe ta ce, "Ikon Allah! Maigida, ashe barci na da romo haka?" Ban ci ba, na ce cikina ne ba daɗi. Da aka taru a gidan kawu kan maganar gyaran rufin gidan gado, ina gyara murya zan yi magana, sai kawu ya juya ya ce, "Maigadi, kai me ka gani?" Maigadi! Mutumin da a da ko tabarma ba a matsa masa. Na dawo gida ina huci, na ce wa matata ai ɗakina ne, wutata ce, ƙofata ce, shi me ya kawo ban da gyangyaɗin mutane? Ta ce, "Ya kawo abin da ba ka gani ba shekara goma sha tara kana zuba tsumma a ciki." Kwana biyu ban yi mata magana ba.

A wata na biyar na kira shi na ce ina bukatar ɗakin, zan ƙara kujera ta uku. Ƙarya ce, kuma ya san ƙarya ce. Na shirya jin roƙo, na shirya jin gori, har amsoshi na tanada. Sai kawai ya ce, "To, Yaya. Na gode da aron." Washegari ya kwashe katifunsa a baro, ya koma wata rumfar kwano a tsallaken titi, bayan mai faci, wurin da zafi kamar cikin tanda.

Ni kuwa na shiga gyara. Fenti shuɗi, katifu takwas sababbi fil masu kauri, fanka biyu marasa ƙara, agogon bango. Na ce bari in nuna wa dangi yadda ake sana'a. Satin farko ɗakin ya cika, don ƙafar mutane ta riga ta san ƙofar. Ina aski ina leƙawa. Na sa ƙararrawar waya don tashin mutane, sai ta riƙa tashin mutum takwas a maimakon ɗaya, aka yi ta tsaki. Na ce za su saba.

Akwai wani direban babbar mota da ake kira Zaki. Ƙato ne, murya kamar ganga, idan ya yi tsawa 'yan lodi har ɓuya suke yi. Ran wata Laraba bayan azahar ya shigo ya kwanta. Ina cikin yi wa wani gyaran fuska sai na ji wani sauti daga ɗakin. Na ɗaga labule. Zaki ne, ya dunƙule a kan katifa, hawaye na bin kuncinsa, yana cewa da wata 'yar siririyar murya, "Inna, kar ki tafi. Inna, tsaya ni."

To, ni mai aski ne. Shekara goma sha tara hannuna na aiki bakina na aiki, ban san yadda ake ɗaya ba tare da ɗayan ba. Mutane ma don labari suke cika mini benci. Ga labari ya faɗo har cikin ɗakina, sabo, ba wanda ya riga ni. Na saki labule, na dawo, na ce, "Jama'a, kun san wa ke kiran Inna a ciki?" Na kwaikwayi muryar har da girgiza kafaɗa. Benci ya kwashe da dariya, wani har da faɗowa ƙasa. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi, rabona da shagon ya yi irin wannan armashi tun kafin Maigadi ya zo.

Kafin la'asar zancen ya zaga tasha. Zaki na fitowa, 'yan lodi daga bayan motoci suka fara, "Inna, tsaya ni!"

Washegari da safe ya shigo. Na ajiye reza a hankali, na ce yau kashina ya bushe. Amma bai ɗaga hannu ba. Ya tsaya a tsakiyar shagon, idonsa jawur, ya yi magana ƙasa-ƙasa.

"Mai aski, wata biyar ke nan da rasuwar mahaifiyata. Ina kan hanya ta cika, ban same ta ba. Tun daga ranar, duk barcin da na yi sai na yi abin da ka ji. Wata huɗu ina yi a ɗakin nan. Ka taɓa ji?"

Na ce ban taɓa ba.

"Maigadi a gindin fanka yake kwantar da ni. Da na fara sai ya ƙure ta, ƙararta ta rufe muryata. Ni ma ban sani ba sai da na tambaye shi me ya sa kullum nake tashi da sanyi." Ya dubi katifuna ta gefen labule. "Naka sun fi laushi, gaskiya."

Ya fita.

Ranar mutum uku suka kwanta. Washegari ɗaya, shi ma baƙo ne. Daga nan sai katifu takwas a shimfiɗe, fanka biyu suna ta juyawa a banza. Ta madubi nake hango tsallaken titi, mutane a tsaye cikin rana a bayan mai faci suna jiran katifa ta hannu a rumfar kwano. Ko a lokacin, Allah ya gani, ba kunya na fara ji ba. Haushi na ji. Na ce me Maigadi ya iya? Rufe baki kawai? Na ce wa kaina ba komai, barci dama ba sana'ata ba ce, ina da askina, shi babu mai ƙwace mini.

Ran Asabar wani tsohon malamin makaranta ya zo, kamar kowace Asabar tun ranar da na buɗe shagon. Shi dai da tawul mai ɗumi ya taɓa fuskarsa, shi ke nan, ya tafi. Ina aske masa gemu yana minshari, reza na bin maƙogwaronsa bai sani ba, sai na gama in tashe shi. Na ɗaura masa ƙyalle, na kwantar da kujera, na ɗora tawul. Da na ɗauke, idonsa a buɗe, yana kallon silin.

Na shafa kumfa. Idonsa a buɗe. Na gama kunci ɗaya, na koma ɗayan, na rage hira, na ma yi shiru gaba ɗaya. Ina ganin fatar idonsa na nauyi, sai ya ƙifta da ƙarfi ya ƙara buɗe su.

Na ce, "Malam, ka ɗan runtsa mana, kamar kullum."

Ya ce, "A'a, ɗana. Yi aikinka kawai. Ni ma ina da abin da nake faɗa a barci."

Na ɗaga rezar daga wuyansa, na tsaya da ita a hannu.