Matar Irmiya a Maƙabartarmu

Ranar Laraba aka aiko mini cewa matata ta cika a asibiti, bayan wata uku tana kwance. Ban yi kuka ba. Na rufe shagon ɗinkina a Babbar Kasuwa na tafi.

Sunanta na yanka Sa'adatu, amma da yake ranar Talata aka haife ta, kowa Talatu yake ce mata, har a katin asibiti. Talatun na faɗa wa mai kula da ɗakin gawa, ya ba mu ita a nannaɗe, na sa hannu. Ba mu daɗe da komawa Kurmin Mashi ba, saboda haka tsofaffin unguwar da suka yi mata wanka ba su taɓa ganin fuskarta ba. Ni kuwa ina ƙofar gida ina amsa gaisuwa kamar gunki. Kafin la'asar mun sallace ta mun rufe. Har yaba mana aka yi, wai ba mu bar ta tana jira ba.

Ranar sadakar uku wani malamin makaranta ya yi sallama, ya ce sunansa Irmiya, daga Doka. A bayansa ga a-kori-kura ɗauke da akwatin gawa sabo fil.

Ya ce, "Malam Datti, matata kuka binne. Ita ma Talatu ce, sunanta ne na baftisma. Taka tana can asibiti cikin ƙanƙara."

Na ce to. Abin da ya zo bakina ke nan.

Ya ce, "Ban zo rigima ba. A ƙauye an haƙa mata kusa da uwarta, dangi na jira. In an yarda a tone, mu tafi da ita. In ba a yarda ba, in dai san inda zan riƙa tsayawa."

Muka tafi maƙabarta a ƙafa. Mu ba ma rubuta suna a kabari, ga shi an yi ruwa har sau biyu. Sababbin kaburbura bakwai na tarar a jere, duk iri ɗaya. Ranar jana'izar takalmana kawai na yi ta kallo.

Irmiya yana jira, hularsa a hannu. Na nuna masa na uku.

Ya durƙusa cikin taɓo, ya dafa ƙasar, ya yi ta yi mata magana da yarensu a hankali. Na tsaya a bayansa ban ji komai a raina ba. Har yau ban sani ba ko na ukun ne ko na huɗu.