Hancin Murja

Da fetur ya gagari Dallatu, sai ya sa wa motarsa tukunyar gas, ya ci gaba da jigilar kifi daga Kado zuwa Bwari. Bakanike ya ce masa, "Oga, in tana yoyo, hancinka zai gaya maka."

Wane hanci? Ƙarnin kifi ya daɗe da kashe nasa. Don haka kullum da safe matarsa Murja ke zura kai cikin but ta shinshina masa.

Yau ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Yaya dai?"

"Malam, wallahi ni ma yanzu kifi kawai nake ji."

Dallatu ya dubi tukunyar. Ya ce ta ja yara su matsa nesa, ya yi bismilla, ya murɗa makulli.